MU KOYI TURANCI: Ƙananan Kalmomi Masu Faɗin Lokaci

Mun gode wa waɗanda suka aiko da amsoshin darasin watan jiya a kan sunayen ranaku da watanni. A wannan wata za mu ɗauki waɗansu 'yan ƙananan kalmomi waɗanda ake faɗin lokaci da su a Turanci. Waɗansunsu haruffa biyu ne kawai, kamar "by" da "in" da "on". Don haka ɗan koyo yakan tsallake su, ya je yana kokawa da manyan kalmomi. Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Da muke shirya darasin nan, hankalinmu yana kan mutanen ƙasar Gobir, wato su Sabon Birni da Isa da ƙauyukan bakin iyaka irin su Burkusuma. A can Hausa ce ta gida, ita ce ta gona da kasuwa. Amma takarda ba ta jin Hausa. Sanarwar gwamnati, da kwalin magani, da katin asibiti, da takardar shiga jarrabawa, da saƙon banki da ke shigowa a waya, kusan duka da Turanci suke zuwa. Sau da yawa ɗan makaranta guda ne yake karanta wa gidaje biyar ko shida. Idan ya karkatar da kalma ɗaya, gidajen nan duka sun karkata. Ga shi kuwa a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankin, ba wanda yake so ya hau hanyar Sakkwato sau biyu domin abin da tafiya ɗaya za ta biya. Wanda ya je a ranar da ba ita ba, ya yi hasarar kuɗin mota, ya kuma jefa ransa cikin hatsari a banza. Saboda haka darasin nan na gida ne duka, har da waɗanda suka daɗe da barin makaranta.

YAUSHE RANA TAKE SOMAWA?

Bari mu fara daga tushe. A lissafinmu na Hausa, dare yana gaba da yini. Sa'ad da rana ta faɗi ran Alhamis, an shiga daren Jumma'a ke nan. Haka maƙwabtanmu Musulmi suke ƙirga, haka kuma Yahudawa, gama Asabar ɗinsu takan soma ne tun faɗuwar rana ran Jumma'a. Wanda ya karanta sura ta fari ta littafin Farawa zai ga a kowace rana maraice aka fara ambata, sa'an nan safiya. Wannan lissafi tsoho ne, ba abin kunya a cikinsa.

Amma Bature yana soma ranarsa daga tsakar dare, ƙarfe 12, darensa kuwa yana bin bayan yini. To, ga tarkon. Idan an rubuta "Friday night", kada ka ce daren Jumma'a. Ka ce ran Jumma'a da dare, wato daren da tsofaffinmu za su kira daren Asabar. Daren Jumma'a namu kuwa shi ne "Thursday night". A ce fasto ya sami wasiƙa cewa baƙi za su iso "on Friday night", mai fassara ya ce daren Jumma'a ne. Matan zumunta za su yi tuwo ran Alhamis, tuwon ya kwana, baƙi su zo washegari su tarar da tukwane a kife. Wannan kam abin dariya ne. Amma a ce maganar motar da za ta kai mara lafiya ce, dariya ta ƙare.

Turawa ma a dā da dare suke ƙirga, sauran alamar abin tana nan a bakinsu. Kalmar "fortnight", wato mako biyu, asalinta dare goma sha huɗu ne, kamar yadda mu muke ƙirga da kwana. "Christmas Eve" kuma shi ne jajiberen Kirsimeti, 24 ga Disamba, ba ranar 25 da yamma ba.

A kiyaye waɗannan kuma. Jiya da dare shi ne "last night". Yau da dare shi ne "tonight". Mun sha jin 'yan makaranta suna cewa "yesterday night" da "today night". Za a gane abin da suke nufi, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja jan layi a ƙarƙashi.

"A.M." DA "P.M."

Waɗannan haruffa daga harshen Latin suke. "A.m." yana nufin kafin tsakar rana, "p.m." kuwa bayan tsakar rana. Mu muna da asuba, da hantsi, da azahar, da la'asar, da magariba, da lisha. Bature ya tsaga yini biyu kawai. Daga tsakar dare zuwa tsakar rana "a.m." ne, daga tsakar rana zuwa tsakar dare "p.m." ne.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne ƙarfe 1 ko 2 na dare. A ganinmu dare ne tsantsa, amma Bature zai rubuta "1 a.m.", ya kuma sa shi cikin sabuwar rana. Wanda tikitinsa ya ce "Saturday, 1 a.m.", lalle ne ya kasance a wurin tun ran Jumma'a da dare. Idan ya jira har Asabar ta yi duhu, tafiyar ta wuce shi da yini guda. Ƙarfe 12 kuma yakan rikita har Turawa kansu. Bisa ga al'ada "12 p.m." tsakar rana ne, "12 a.m." tsakar dare. Idan kai ne mai rubutu, ka rubuta "12 noon" ko "12 midnight", ka hutar da kowa.

Idan hukuma ta kafa dokar hana fita ta ce "from 6 p.m. to 6 a.m.", tana nufin daga 6 na yamma zuwa 6 na safe. Wanda ya juya haruffan nan zai zauna a gida da rana, ya fito da dare ya gamu da jami'an tsaro.

Mutanen bakin iyaka suna da ƙarin aiki. Agogon Nijar da na Nijeriya ɗaya ne, ba bambancin ko minti guda. Amma a Maraɗi da Madawa, inda takarda ta Faransanci ce, ana ƙirga awa har 24. Idan ka ga 14h30, cire 12, saura 2 da rabi na rana, wato "2.30 p.m." Yawancin wayoyin hannu suna iya nuna lokaci ta hanyoyin nan biyu, sai a gwada a gida har ido ya saba. A tuna kuma: "half past two" biyu da rabi ne, "a quarter past two" biyu da kwata, "a quarter to two" biyu saura kwata. "Past" ya wuce, "to" da saura.

"BY" DA "UNTIL"

Ba wanda zai manta da canjin kuɗi. Ran 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwa cewa za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, ya kuma sa 31 ga Janairu 2023 ta zama ranar ƙarshe ga tsofaffin takardu. Daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Ran 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin har 31 ga Disamba na shekarar, a watan Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin ba tare da sa wata rana ba. Mutanen ƙauye, waɗanda banki ya yi musu nisa, su suka fi shan wuya. A kwanakin nan kalmomi biyu ne suka yi ta yawo a bakin masu karanta labaru. Ga misalai biyu da muka shirya:

"Take your old notes to the bank by 31st January."
"You may spend your old notes until 31st January."

Rana ɗaya ce a jimlolin biyu, amma aikin ya bambanta. "By" wa'adi ne. Abin da za ka yi sau ɗaya ne, ka yi shi yau, ko gobe, ko a ranar kanta, muddin ba ka wuce ta ba. "Until" kuwa shi ne har. Abu ne yake gudana, yana ta tafiya har ya kai ranar, sa'an nan ya tsaya. Wanda ya ji "by" ya ɗauka "on" ne, zai zauna ya jira ranar ƙarshe, ya je ya tarar da layi ya kai bakin titi.

"Before" ɗan'uwan "by" ne, amma ya fi shi tsanani. Idan shugaban makaranta ya ce a biya kuɗin jarrabawa "by Monday", wanda ya kawo ran Litinin ya tsira. Idan ya ce "before Monday", Litinin ba ta ciki, sai ka biya tun Jumma'a, gama ofis ba ya buɗewa Asabar da Lahadi.

Idan "until" ta haɗu da "not", fassararta ita ce sai. "The school will not open until Monday" yana nufin ba za a buɗe makaranta ba sai Litinin. Ran Litinin ɗin za a buɗe, kada a riƙe yara a gida.

Akwai kuma "until further notice", wato har sai an sake jin sanarwa. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, domin yaƙi da 'yan bindiga. A wannan wata ne kuma aka auka wa sansanin jami'an tsaro a Burkusuma. Dokokin irin wannan lokaci sukan zo da kalmomin nan uku. Idan ka gan su, kada ka ce wa mutane mako ɗaya ne ko wata ɗaya. Ba a sa rana ba, faɗa musu haka.

Abu ɗaya ya rage. A Turancinmu na Nijeriya mutane da yawa suna cewa "by 4 p.m." alhali suna nufin "at 4 p.m.", wato ƙarfe 4 daidai. Idan katin gayyata ya ce za a soma taro "by 4 p.m.", mai katin ƙarfe 4 yake nufi. Amma kai idan za ka rubuta, sa "at" ga ƙarfe, "on" ga rana, "in" ga wata da shekara: "at 4 p.m.", "on Sunday", "in March", "in 1976".

"ON TIME" DA "IN TIME"

Harafi ɗaya ne ya raba su, amma kowace da aikinta. "On time" maganar agogo ce. An sa lokaci, ka zo daidai lokacin. An ce sujada ƙarfe 9, an ta da waƙar fari ƙarfe 9: "The service started on time." "In time" kuwa maganar dama ce. Ka iso tun ƙofa ba ta rufe ba, tun abin bai ɓaci ba. Mace tana naƙuda, jini ya ɓalle, aka kai ta asibiti aka cece ta: "They brought her in time." Ba wanda ya sa mata ƙarfe nawa, ba agogo a cikin maganar. Haka manomin da ya shuka geronsa da ruwan fari, ya yi shuka "in time". Wanda ya isa tasha direba yana ta da mota, ya iso "just in time", wato da ƙyar.

Mutum yana iya zuwa "on time" amma bai zo "in time" ba. An rubuta wa yaro a kati ya koma asibiti ran Talata. Ran Lahadi jikinsa ya yi zafi, yana ta amai, iyaye suka ce a bari sai Talata tun da haka takarda ta ce. Ran Talata sun cika umarnin kati, amma dama ta wuce. Ranar da ke kan kati ba ta hana ka zuwa da wuri idan ciwo ya tsananta.

Misalin budurwai goma da ke cikin Matiyu sura 25 yana taimako a nan. Ba a gaya musu sa'ar da ango zai zo ba, saboda haka ba yadda za su zo "on time". Abin da aka nema gare su shi ne su shirya "in time". Biyar sun tanadi mai tun da wuri. Biyar kuwa sai da aka yi shelar isowar ango suka tafi saye, suka komo an rufe ƙofa.

"SINCE", "FOR", DA "AGO"

Ga tambayar da kowane malamin asibiti yake yi: tun yaushe ciwon ya soma? Hanya uku ce ta amsawa a Turanci.

"He has been sick since Monday." Tun Litinin yake ciwo.
"He has been sick for three days." Kwana uku ke nan yana ciwo.
"It started three days ago." Yau kwana uku da somawa.

"Since" tana son sunan lokacin da abu ya soma: Litinin, bara, 1950. "For" tana son tsawon lokacin: kwana uku, wata biyar. "Ago" tana ƙirga baya daga yau, kullum kuwa a bayan adadi take zama. Tun da yake a Hausa mukan ce tun kwana uku, sai bakin ɗan koyo ya kai shi ga "since three days". Wannan kuskure ne. Idan adadi ya biyo, "for" ce.

Bari mu gwada da abin da mutanen Gobir suka sani. Alƙalawa, tsohon birnin sarakunan Gobir, wanda kufansa yake a ƙasar Sabon Birni, ya faɗi a 1808, zamanin Sarki Yunfa: "Alkalawa fell more than two hundred years ago." Asibitin Galmi a Nijar, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a 1950, yana aiki har yanzu: "Galmi Hospital has been open since 1950." Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ta buɗe ta Illela da waɗansu uku a watan Disamba 2020: "The border was closed for about sixteen months."

A duba da kyau. "Was closed for" ya nuna abin ya wuce, an riga an buɗe. "Has been closed since" ya nuna har yanzu a rufe take. Ɗan kasuwa mai niyyar kai kaya Ƙwanni ko Maraɗi, dukan tafiyarsa tana rataye a kan wannan bambanci.

ABIN DA KE KAN KWALIN MAGANI

A nan muna roƙon iyaye mata su kasa kunne sosai.

"Three times a day" sau uku a yini ne. "For three days" har kwana uku ne. "Every three days" kuwa sau ɗaya bayan kowane kwana uku. Dukansu suna da "three" da "day", amma wanda ya haɗa su zai ba yaro magani fiye da kima, ko ƙasa da kima. "Every day" kullum ne, "every other day" kuwa a sha yau, a tsallake gobe, a sha jibi. "Every eight hours" yana nufin a bar awa 8 tsakani, misali 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Ba a tara sau ukun tsakanin hantsi da la'asar domin a huta. "Before meals" kafin cin abinci, "after meals" bayan an ci.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake kira Coartem sau 6 ake shansa cikin kwana 3. Bayan sha na fari a jira awa 8 a sha na biyu, sa'an nan safe da yamma har kwana biyu. Yaro yakan warware a rana ta biyu, uwa ta ɓoye sauran ƙwayoyin domin wani karo. Amma "for three days" ba ya nufin har jiki ya yi sanyi. Kwana ukun ne cif, sai an cinye.

A gefen kwali za a ga "MFG" ko "MFD", wato lokacin da aka yi maganin, da kuma "EXP", wato lokacin da zai lalace. Na biyun shi ne abin dubawa kafin a biya kuɗi. A Nijeriya da Ingila da Nijar rana ake fara rubutawa, sa'an nan wata. A Amurka wata ne a gaba. Don haka 3/4 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinsu 4 ga Maris. Mai rubuta wa ɗan'uwa a ƙasar waje ya rubuta sunan watan da haruffa.

Katin rigakafin jariri kuma da mako yake ƙirga a farko: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, sa'an nan wata 9 domin ƙyanda da shawara. Kada a rikita "weeks" da "months". Idan ma'aikaciyar lafiya ta rubuta "Come back in four weeks", bayan mako 4 take nufi. Idan an ce "within four weeks", kowace rana ce kafin mako huɗun su cika. "In" yana nuna ƙarshen wa'adi, "within" yana nuna cikinsa.

JIBI, GATA, DA KWANA BIYU

A wannan fanni Hausa ta fi Turanci arziki. Muna da shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata, citta. Bature yana da "yesterday", "today", "tomorrow", sai ya tsaya. Jibi sai ya ce "the day after tomorrow", shekaranjiya kuwa "the day before yesterday". Gata sai ya ce "in three days' time". Kalmar "next tomorrow" da ake ji a tasha da kasuwa ƙirar gida ce, Baturen Ingila bai san ta ba. Bara "last year", bana "this year", baɗi "next year".

"This Friday" Jumma'ar makon nan ce. "Next Friday" kuwa takan jawo gardama ko a tsakanin Turawa: wani yana nufin Jumma'a mai zuwa, wani ta makon gobe. Maganin abin shi ne a tambayi kwanan wata. Haka kuma a hayin iyaka, mai jin Faransanci yakan ce kwana 8 yana nufin mako ɗaya, kwana 15 yana nufin mako biyu, domin yana haɗawa da ranar da yake ciki. Irin wannan ƙirga ce a cikin Linjila: an gicciye Ubangiji ran Jumma'a, ya tashi ran Lahadi, aka ce rana ta uku. Awoyin Linjila ma daga fitowar rana ake ƙirga su, shi ya sa sa'a ta uku a Markus sura 15 take daidai da wajen 9 na safe, sa'a ta tara kuwa wajen 3 na yamma. Kowace al'umma da yadda take ƙirga lokacinta. Mai koyon harshe sai ya koyi ƙirgar tare da kalmomin.

Kada kuma mu ɗauki karin maganarmu mu sa mata rigar Turanci. Kwana biyu a gaisuwa ba "two days" ba ne, "It has been a long time" ne. Ina zuwa, sa'ad da mutum yake fita, ba "I am coming" ba ne, "I will be back soon" ne. Idan likita ya tambaya aka ce masa yaro ya kwana biyu yana tari, mai fassara ya bincika: kwana biyun gaske ne, ko wata biyu? Tarin kwana biyu dabam, tarin da ya wuce mako biyu dabam, gama na biyun yana bukatar gwajin tarin fuka.

AMANAR MAI KARATU

Ya kai ɗan makaranta, sa'ad da tsohuwa ta miƙo maka takarda ta ce, "Ɗana, duba mini," ta ba ka amana ke nan. Ba ta da hanyar gane ko ka faɗi daidai. Da maganarka za ta sayar da akuya, da maganarka za ta hau mota. Jarabar da ke gabanka ita ce kada a ce ba ka iya ba, sai ka yi ƙirƙira. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Idan kalma ta shige maka duhu, ka ce, "Inna, bari in tambayi malam tukuna." Mai tambaya ba ya ɓata. Maƙwabcinka, ko Kirista ne ko Musulmi, ya san cewa abin da ka karanta masa shi ne a rubuce. Wannan ma shaida ce.

Sa'ad da kai ne mai ba da lokaci kuma, ka faɗi rana, da kwanan wata, da ƙarfe, da safe ne ko da yamma. Sa'an nan ka cika. Alkawari kaya ne. Ubangiji ya koya wa almajiransa su zama mutanen da ake gaskata maganarsu ba sai sun rantse ba. Mai bi wanda ya ce ƙarfe 9 ya zo ƙarfe 11 ya ci awa biyu na ɗan'uwansa, ba kuwa zai iya mayar masa ba.

GWADA KANKA

A cike gurbi da kalmar da ta dace. A zauna tare da yara bayan cin tuwon dare a yi shi.

1. We have lived in Isa ______ 2015. Zaɓi "since" ko "for".
2. My father was in hospital ______ two weeks. Zaɓi "since" ko "for".
3. Bring your school fees ______ Friday. Zaɓi "by" ko "until".
4. The shop is open ______ 6 p.m. Zaɓi "by" ko "until".
5. The rain came just ______ time to save the millet. Zaɓi "on" ko "in".
6. The lorry left Sabon Birni two hours ______. Zaɓi "ago" ko "since".
7. Fassara zuwa Turanci: Za a yi addu'a daren Lahadi.
8. Fassara zuwa Hausa: "Take one tablet every other day for ten days." Ƙwaya nawa za a sha duka?

A lura da lamba 7, akwai tarko a ciki. Ku aiko da amsoshinku zuwa ga Edita, za mu buga amsoshin daidai a fitowa ta gaba. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba "still" da "yet" da "already". Mu riƙa tunawa da mutanen Sabon Birni da Isa da Burkusuma cikin addu'a, da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa ƙasar Maraɗi, Allah ya ba da zaman lafiya, ya komo da kowa gidansa. Ubangiji ya kiyaye ku.